Commande introuvable: yadda muke fama ni da tsohuwar kwamfutar shagon Yaya

Asabar 11 ga Janairu 2025

To bismillah. Yaya ya ba ni tsohuwar kwamfutar nan da ta shekara biyu ƙarƙashin tabur ƙura ta cinye ta, ya ce in duba ko za ta yi wani amfani, in ba haka ba a kai ta kasuwa a saida kayan cikinta. Windows 10 ne a kanta, shi kuma ran 14 ga Oktoba na bana Microsoft za su daina mishi gyara, na 11 ko ba za ta iya ɗauka ba. Sai na ce bari in sa mata Ubuntu, wani nau'in Linux da ake sawa a madadin Windows, in koyi wani abu da ita.

Abin da nake nema ba wani babba ba ne. Ɗalibai da masu neman aiki kullum cikin turo hotunan takardunsu suke ta WhatsApp, diplom, takardar haihuwa, nasiyonalite, hoto guda sai ya kai mega 4 ko 5, shafin da za su ɗora shi kuma ya ce kar ya wuce kaza. Yanzu ɗaya bayan ɗaya Yaya yake ragewa da hannu, mai takarda tsaye a kanshi yana duban agogo. Ni so nake in rubuta kalma guda, ta matse hotunan duka ta haɗe su PDF ɗaya, shi ke nan.

Kashin yau: kile mai giga 16, jika 3. Ubuntu 24.04 ɗin kusan giga 6 ne, forfe na ba zai iya ba, wajen abokina da ke karatu a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo na kwaso shi.

Lahadi 12 ga Janairu

Ta hau. Da Faransanci na sa ta saboda Yaya, kilaviye AZERTY. Batir ya mutu murus, da an zare waya take mutuwa.

Talata 14 ga Janairu

Yau na fara buɗe taminal, baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni, Ctrl da Alt da T. Abin farko da na liƙa daga intanet shi ne `$ sudo apt update`, ta amsa mini `$ : commande introuvable`, wato ba a samu umarnin ba. Na sake, haka. Na sake har sau huɗu kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar gidan da ba kowa. Ashe alamar dalar nan ba ta cikin umarnin, masu rubutun suna sa ta ne don nuna cewa nan ne bakin layi, ni kuma na kwaso har da ita. Na rubuta a kaye na da babban baƙi: KAR KA KWAFI $.

Sannan `sudo`, umarnin da ke ba ka izinin mai kula da kwamfutar, ya nemi kalmar sirri. Ina bugawa ba abin da ke fitowa, ko tauraro babu, na zaci kilaviye ne ya lalace har na busa shi. Haka sudo yake, ba ya nuna komai, ka buga kawai ka danna Entrée.

Na gwada `python`, babu. `python3` ne sunanshi a nan, 3.12. Na gwada `ifconfig` don in ga ko wifin salula ta ya kama, shi ma babu, wai yana cikin ƙunshin net-tools wanda ba a sa wa tun asali, yanzu `ip a` ake yi. Rana guda, commande introuvable iri uku, kowanne da dalilinshi daban.

Wani abu da na lura, in ka nemi saƙon da Faransanci amsa kaɗan ke fitowa, in ka rubuta command not found sai ta yi yawa har ta ishe ka.

Laraba 15 ga Janairu

Ba a taɓa komai ba, shago cike, fotokopi tun safe har la'asar.

Juma'a 17 ga Janairu

Bayan masallaci na zauna zan sa ImageMagick, shi ne zai rage hotunan. `sudo apt install imagemagick`, apt ne ke sauko wa Ubuntu da kaya, yana cikin aiki layuka na gudu, kuran ya ɗauke. Ɗif. Tunda ba batir ko daƙiƙa ba ta ƙara ba. Kuran bai dawo ba sai bayan magariba, na kunna, na sake umarnin, ta ƙi, ta ce an katse dpkg, mai zuba kayan da apt ya sauko da su, sai na yi `sudo dpkg --configure -a` da hannuna. Gaskiya wannan saƙon na yaba mishi, ya faɗi ciwon ya faɗi maganin. Na yi, ya wuce, na sake sawa ya kammala.

Na ce ma Yaya sai an sayi batir. Ya ce kai auta, kwamfutar da ko dala ba ta kawo ba tukuna za ta fara cin kuɗi? Na yi shiru.

Litinin 20 ga Janairu

Wannan ta ɗaure mini kai ƙwarai, kwana biyu ina kanta. Na sa ImageMagick, na ga da idona ya kammala, in na sake `apt install` sai ta ce ai yana nan kuma shi ne sabo. Amma darasin da nake bi ya ce a rubuta `magick hoto.jpg -resize 50% sabo.jpg`, ina rubutawa, commande introuvable. Na cire shi na sake sawa, mega ya tafi a banza, haka dai. Na kashe kwamfuta na kunna. Na rubuta Magick da babban M, nan ma na koyi cewa a Linux babba da ƙarami ba ɗaya ba ne, amma duka biyun babu.

Da dare abokina ya biyo shago shan shayi na nuna mishi. Bai ma zauna ba, ya rubuta `convert -version`, sai ga shi, ImageMagick 6.9. Ya ce mutumina, `magick` na sigar 7 ne, Ubuntu 24.04 kuma 6 take bayarwa, a 6 sunan umarnin `convert`, da `mogrify`, da `identify`. Wato kayan yana ɗaki, da sunan ƙanenshi nake kiranshi. Ya nuna mini `dpkg -L` da sunan ƙunshi, yana jero duk fayilolin da ƙunshin ya zuba da inda ya zuba su, waɗanda ke ƙarƙashin `/usr/bin` su ne abin da za ka iya kira. Ya ce sunan ƙunshi daban, sunan umarni daban, kar in ɗauka kullum ɗaya ne.

Gwajin farko: hoton diplom mai mega 4 da ɗoriya, na yi `convert` da `-resize 1600x1600` da `-quality 70`, ya dawo ƙasa da rabin mega kuma tambarin yana karantuwa sarai. Yaya ya sa tabarau ya duba ya ce to.

Laraba 22 ga Janairu

Inna lillahi. Yau garin neman gira na kusa rasa ido.

Saura haɗa hotunan su zama PDF, na ga ana yabon img2pdf. Darasin ya ce `pip install img2pdf`. pip, mai sauko da kayan Python, babu, na sa python3-pip. Na sake, sai wani dogon saƙo, externally-managed-environment, wai Ubuntu ba ta yarda pip ya riƙa zuba kaya cikin Python ɗinta don kar ya ɓata mata tsari, a yi da venv ko pipx. To, na sa pipx, ɗan'uwan pip da ke ajiye kowane kaya a wurinshi daban, na yi `pipx install img2pdf`, ya sauka lafiya har da ƴan taurari na murna. Na rubuta `img2pdf`. Commande introuvable. A ƙasan saƙon murnar akwai gargaɗi cewa `/home/shago/.local/bin` ba ya cikin PATH, jerin wuraren da ake neman umarni, har ya ce in yi `pipx ensurepath`, amma ni ido na ya riga ya tafi intanet.

Na samu wani ya ce a buɗe `.bashrc`, fayil ɗin da ake karantawa duk sanda aka buɗe taminal, a ƙara layi a ƙarshe. Karo na farko na rubuta `PATH = ` da fili gaba da bayan alamar daidai, sabon taminal ya buɗe da `PATH : commande introuvable` a sama, don bash, mai karɓar umarni a taminal, in ya ga fili sai ya ɗauka kalmar farko umarni ce. Na cire filin. Layin da mutumin ya bayar yana ƙarewa da `:$PATH`, ni kuma me na rubuta a kaye ran Talata? Kar ka kwafi $. Sai na cire ta da hannuna, ina jin kaina gwani. Ya zama `export PATH=/home/shago/.local/bin:PATH`.

Na rufe taminal na buɗe sabo. `img2pdf` ya amsa! Na yi murna ta minti ɗaya. Na rubuta `ls`, babu. `clear`, babu. `nano`, mai gyara rubutu, don in koma in gyara, babu. `sudo`, babu. Wallahi zufa ta keto mini duk da sanyin hunturun nan, ga Yaya a bayana yana lissafin kuɗin rana, ga ni na gama cika baki jiya. Abin da ya ƙara rikita ni, `cd` yana aiki, `echo` yana aiki, to in kwamfutar ta mutu me ya sa waɗannan ke amsawa? Na rufe murfin na ce ma Yaya kaina ke ciwo. Har na ɗauko kile zan goge komai in sake sa Ubuntu daga farko, sai na tuna mega nawa na zuba, na fasa.

Alhamis 23 ga Janairu

Na hau kabu-kabu na je wajen abokina da kwamfutar a jaka, dala ɗari zuwa da dawowa. Ya buɗe ya yi ta dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce karanta mini abin da ke allon. Na karanta. Ashe tun jiya tana faɗa mini cewa `ls` yana nan a `/usr/bin/ls`, kawai dai `/usr/bin` ne ba ya cikin PATH. Tsoro ne ya hana ni karatu.

Ga yadda ya warware mini, kuma shi ne abin da ya zauna mini a kai. Ya ce ɗauka ka aiki yaro kasuwa ka ba shi takarda da sunayen rumfuna a jere, ka ce duba ta farko, in babu ka wuce ta biyu, har ƙarshe. Yaron nan ba ya leƙa rumfar da ba ta cikin takardar ko da kayan na rataye a bakinta yana gani, in ya gama jerin bai samu ba zai dawo ya ce babu. PATH ita ce takardar. `echo $PATH` ke nuna ta, rumfa da rumfa an raba su da ɗigo biyu, `/usr/local/bin`, `/usr/bin`, `/bin`, `/snap/bin` da sauransu, kuma wadda ta fara zuwa ita ke ci. `$PATH` a ƙarshen layi na nufin a riƙe tsohon jerin a ƙara sabo a gabanshi. Da na cire dalar, na yaga takardar ke nan na bar wa yaron rumfa guda da wata kalma wai PATH da ba ta kai ko'ina. Su `cd` da `echo` da `export` kuwa a jikin bash suke, ba a zuwa kasuwa nemansu, `type cd` zai gaya maka haka.

Gyaran bai kai minti biyu ba. `/usr/bin/nano ~/.bashrc`, wato ka kira shi da cikakken adireshinshi ba sai an neme shi ba, ya goge layina, ya buɗe sabon taminal, komai ya dawo. Ya ce ko `export PATH=/usr/bin:/bin` na buga a wannan taminal ɗin da ta ishe ni in samu nano da sudo. Ya kuma nuna mini akwai `.bashrc` na asali ajiye a `/etc/skel` in mutum ya yi kaca-kaca da nashi. Abin haushin ma, `.profile` na Ubuntu da kanshi yake ƙara `~/.local/bin` in dosiyen yana nan lokacin da ka shiga, da fita na yi daga asusuna na sake shiga da ba sai na taɓa komai ba.

Na gyara rubutun kaye: dalar bakin layi ba a kwafa, dalar da ke manne da kalma ba a taɓawa. Alamar ~ ma a AZERTY sai da AltGr da 2, ita ma ta ci mini lokaci.

Asabar 25 ga Janairu

Yaya ya sayi batir, na hannu ne ba sabo ba, jika 12, yana riƙe awa ɗaya da ƴan mintuna. Bai ce komai ba, ajiye shi kawai ya yi kan tabur.

Talata 28 ga Janairu

Na rubuta ɗan sikirif ɗina, wato fayil mai jerin umarni, na sa mishi suna `matse.sh`. Layi tara ne. Yana bin hotunan ɗaya ɗaya, `-auto-orient` don waɗanda aka ɗauka a kwance su miƙe, ya rage, sannan `img2pdf --pagesize A4` ya haɗe su.

Na rubuta `matse.sh`, commande introuvable, ina tsaye cikin dosiyen da yake ciki, `ls` na nuna mini shi. Wannan karon ban firgita ba, na tuna yaron kasuwa, dosiyen da kake tsaye ciki ba ya cikin takardar. `./matse.sh` ake yi, ɗigo da sanda na nufin nan inda nake. Sai saƙo ya canza, Permission non accordée. Na ji daɗin wannan canjin fa, don ya nuna an same shi, izini ne babu. `chmod +x matse.sh`, ya tashi. Abokina ya koya mini `echo $?` bayan umarni ya faɗi, 127 ba a samu ba, 126 an samu amma ba ya tasuwa, na gwada duka biyun haka ne.

Hotunan WhatsApp sunansu cike da fili, WhatsApp Image kaza kaza, sikirif ɗin ya riƙa yanka suna guda gida-gida yana neman fayil mai suna Image. Sai da na sa `"$f"` cikin alamun zance.

Alhamis 30 ga Janairu

Kwastoma na farko da `matse`, wata hajiya ta kawo takardun ɗanta guda bakwai. Kafin ta gama gyara mayafi an gama. Dala ɗari.

Lahadi 2 ga Fabrairu

Wata sabuwa. Jiya ina gida tunani ya zo mini na ƙara `-define jpeg:extent=300kb` don in ƙayyade nauyin hoto kai tsaye, na rubuta a salula, da safe na zo kwamfutar Ubuntu tana hannun yaron shago, sai na zauna kan babbar ta Yaya na sake buga sikirif ɗin gaba ɗaya a Bloc-notes, na kwaso a kile. `./matse.sh` ya ƙi tashi, wai ba a samu fayil ɗin da ake buƙata ba, alhali ga shi. Na yi `bash matse.sh`, sai layuka suka zubo, `$'\r' : commande introuvable`, ɗaya bisa ɗaya. Na duba rubutuna baƙi da baƙi, ba wani r a ko'ina. Na kusa awa ɗaya ina kallon allo kamar mai duban wata.

`cat -A matse.sh` ne ya tona asiri, kowane layi na ƙarewa da `^M$`. Windows alama biyu yake sawa a ƙarshen layi, Linux guda, ta ƙarin ba ta ganuwa da ido amma bash na karanta ta kamar kalma, a layin da ba komai sai ita sai ya tafi nemanta a PATH. Har layin farko `#!/bin/bash` ya zama bash mai wutsiya, wanda ba shi a duniya. Aka ce `dos2unix` ke gyarawa, na buga, kun san amsar. Forfe ya ƙare, don haka na yi da `sed -i 's/\r$//' matse.sh`, shi yana nan tun asali. Ya warke.

Daga yau sikirif a nano kawai.

Alhamis 6 ga Fabrairu

Na buɗe wa yaron shago asusunshi daban don kar ya taɓa mini `.bashrc`, wanda ya taɓa ƙonewa ya san zafin wuta. Na kwafi sikirif ɗin zuwa `/usr/local/bin/matse` don kowa ya same shi ba ɗigo ba sanda, na goge wanda na fara ajiyewa a `~/.local/bin`. A taminal ɗin da ke buɗe sai ya ce babu fayil a tsohon wurin, ashe bash na haddace inda ya taɓa samun abu, `hash -r` ke sa shi ya manta, ko ka buɗe sabo.

A asusun yaron `matse` ya tashi, ya rage hotuna, ya zo kan PDF ya tsaya: `img2pdf : commande introuvable`. Gaskiyarshi, img2pdf na cikin gidana ne, `/home/shago/.local/bin`, takardar yaron ba ta san da wannan rumfar ba. Na gwada da sudo a nawa asusun ma bai gan shi ba, don sudo da tashi takardar yake tafiya, secure_path a `/etc/sudoers`, ba ya kallon tawa.

Ina cikin tunanin yadda zan yi sai na ce bari in gwada `apt search img2pdf`. Yana nan. Tun ran 22 ga Janairu yana nan cikin apt, layi guda, ba pip ba pipx ba `.bashrc` ba kabu-kabu. Rashin sani, kaza ta kwana kan dami. Na yi `pipx uninstall img2pdf`, na sa na apt, `command -v img2pdf` ya nuna `/usr/bin/img2pdf` a asusun duka biyu. Ban gaya wa abokina ba tukuna, dariyar ran nan ba ta gama fita raina ba.

Jimillar kashi zuwa yau: kile jika 3, batir jika 12, forfe wajen jika 4, kabu-kabu dala ɗari. Abin da `matse` ya shigo da shi ban ware ba, Yaya na zuba shi cikin kuɗin shago ne.

Litinin 10 ga Fabrairu

Yaron shago ya iya, ya ma fi ni saurin bugawa, sai dai jiya ya kira ni wai ta lalace, na zo na tarar ya rubuta `maste`. Na liƙa mishi takarda a gefen allo.

Yau wani ɗalibi ya turo takardunshi daga iPhone a matsayin fayil, sun zo da `.heic`, `convert` ya ƙi su. Dole Yaya ya ce mishi ya sake turowa a matsayin hoto, mutumin na ta ƙunƙuni wai ingancin zai ragu. Na ga ana maganar `heif-convert`, na buga, commande introuvable, ƙunshin libheif-examples ne ke da shi. Sai gobe in na sa forfe. Bayan shi ina son in ƙara wa `matse` layi a sama da zai duba da `command -v` ko convert da img2pdf na nan kafin ya fara, in babu ya faɗa da Hausa wanne ne babu. Yaya kuma ya fara tambaya ko za ta iya jera hoton fasfo takwas a takarda guda, na ce mishi akwai `montage` cikin ImageMagick ɗin, ban dai gwada ba tukuna.